Sunan Mamaci, Karatun Mai Rai: Yadda Tallafin Karatu na Tunawa Ya Kafu a Ƙananan Garuruwan Amurka

A ƙananan garuruwan Amurka, idan watan Mayu ya kama, makarantun sakandare sukan ware dare guda kafin bikin yaye ɗalibai domin raba tallafin karatu. Iyaye su cika zaure, a riƙa kiran yara ɗaya bayan ɗaya, wannan a ba shi dala 500, wancan 1,000, wata 2,000, su rage kuɗin jami'a. Kusan kowane tallafi yana ɗauke da sunan wani mamaci ɗan garin: tsohuwar malama, manomin da bai bar magaji ba, mai kantin magani, saurayin da ya tafi yaƙi bai dawo ba, budurwar da hatsarin mota ya yi ajalinta. Sau da yawa matar mamacin ko 'ya'yansa ne ke miƙa takardar da hannunsu. Mai hange daga nesa zai ce wannan karimci ne na waɗanda Allah ya hore wa, shi ke nan. Amma karimci babu ƙasar da ta rasa shi, kuma ba ko'ina ba ne kyautar mutum ke ci gaba da biya wa yara makaranta shekara ɗari bayan an binne shi. Abubuwa uku ne suka haɗu suka haifi wannan al'ada: burin ɗan Adam na a riƙa tunawa da shi ta dalilin mai neman ilimi, da sakandaren gari wadda ta samar da yaran da kowa ya san gidansu, da tsarin riƙon amana wanda ya fitar da dukiyar daga hannun magada. Na ukun shi ne ginshiƙi. Inda aka gina shi da kyau kyauta ta rayu, inda aka yi masa sakaci kuwa ta mutu tare da mai ita ko ta zama abin rigima.

Tushen al'adar ya girmi Amurka nesa ba kusa ba. A Ingila, ƙarnoni kafin Turawa su tsallaka teku, attajiri ko babban limamin coci yakan bar gona ko gidajen haya da sharaɗin a riƙa biyan wani limami yana yi wa ruhinsa addu'a har abada, kuma da yawa daga waɗannan limamai suna koyar da yaran gari a gefe. Bishop William na Wykeham ya faɗaɗa wannan tsari lokacin da ya kafa New College a Oxford a 1379, sannan ya kafa makarantar Winchester a 1382 domin yara 70 marasa galihu. Ɗaliban suna ci suna sha daga dukiyarsa, su kuma suna sa shi cikin addu'a. Da sauyin addini ya zo Ingila, dokar 1547 ta zamanin Sarki Edward na Shida ta rushe wuraren addu'ar matattu, gwamnati ta ƙwace dukiyarsu, aka mai da wani ɓangare ga makarantu. Addu'ar ta tafi, amma sunan mai bayarwa da karatun yaro suka zauna tare. A 1601, a ƙarshen mulkin Sarauniya Elizabeth ta Farko, majalisa ta yi dokar ayyukan alheri wadda ta lissafa makarantu da ɗaliban jami'a cikin abubuwan da ya halatta a keɓe wa dukiya, ta kuma ba hukuma ikon bin diddigin amintattun da suka ci amana. Daga nan ya zama ruwan dare ɗan kasuwar da ya yi arziki a Landan ya bar asusu domin yaran garin da aka haife shi su tafi Oxford ko Cambridge.

Mai karatu Musulmi zai gane wannan tsari tun kafin a gama bayaninsa, domin wakafi ke nan da wata riga. A fiƙihu, dukiyar da aka yi wakafinta ba a sayar da ita, ba a kyautar da ita, ba a gadonta; amfaninta kawai ake ci, bisa sharaɗin mai wakafi, a ƙarƙashin kulawar wakili da sa idon alƙali. Da irin wannan dukiya aka riƙe masallacin Ƙarawiyyin na birnin Fas, wanda tarihi ya danganta kafa shi ga Fatima al-Fihri a shekarar 859, da ita kuma Azhar ta ciyar da baƙin ɗalibai a masaukan da aka raba bisa ƙasashensu, har da na mutanen Barno. Masanin tarihin Masar, Maƙrizi, ya kawo labarin makarantar Ibn Rashiƙ da mutanen Kanem suka ɗauki nauyin gina ta a Alƙahira a ƙarni na 13, suna kuma aika mata kuɗi daga gida. Masana na muhawara kan ko Turai ta kwaikwayi wakafi ne ko kuwa kowa ya gano hanyarsa. Ko ma wanne ne, darasin ɗaya ne: al'ummomi biyu da suka sha bamban a addini sun tarar cewa alherin mamaci ba ya ɗorewa sai an killace uwar dukiya, an rubuta sharaɗi, an naɗa mai tsaro, an kuma sa wani yana tsaron mai tsaron.

Turawan da suka yi ƙaura zuwa Amurka sun tafi da wannan gado. Shekara bakwai bayan kafa kwalejin Harvard, wato a 1643, wata gwauruwa mai dukiya a Landan, Anne Radcliffe Mowlson, ta ba da fam 100 domin a riƙa tallafa wa ɗalibi talaka da ribarsa, kuma wannan ne asusun tallafin karatu na farko a kwalejin. Sai dai kyautarta ta jami'a ce. Wanda ya ɗaura kyauta a kan makarantun garinsu shi ne Benjamin Franklin, wanda ya rasu a 1790. A wasiyyarsa ya bar fam 100 ga makarantun kyauta na Boston, inda ya fara koyon karatu, domin a riƙa ƙera lambobin azurfa da ribar ana ba yaran da suka yi fice. Ga sunan ɗan gari, ga makarantar gari, ga bikin shekara shekara: siffar daren raba kyaututtuka ta fara bayyana. Saura tabbacin doka, domin bayan samun 'yanci wasu jihohi sun yi watsi da dokokin Ingila, magada suka sami ƙofar rushe wasiyyoyi. A 1844 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci kan wasiyyar Stephen Girard, attajirin Philadelphia da ya bar dukiyarsa domin makarantar marayu, ta ƙi amincewa da ƙarar danginsa. Hukuncin ya ƙarfafa zukatan masu son yin irin wannan wasiyya cewa kotu za ta tsaya musu bayan ransu.

Duk da haka, a ƙauyukan Amurka na ƙarni na 19 babu wanda za a ba tallafin, domin yaro yakan bar makaranta da zarar ya iya karatu da lissafi ya koma gona. Sakandaren gwamnati ta farko an buɗe ta a Boston a 1821, kuma sai a 1874 Kotun Ƙolin jihar Michigan, a shari'ar garin Kalamazoo, ta tabbatar da cewa gari na da ikon karɓar haraji ya riƙe sakandare. Babban juyin ya zo ne tsakanin 1910 da 1940. Masana tattalin arziki Claudia Goldin da Lawrence Katz sun nuna cewa a 1910 kimanin kashi 9 cikin ɗari na matasan Amurka ne ke kammala sakandare, amma zuwa 1940 adadin ya kai rabi. Abin lura a bincikensu shi ne ƙananan garuruwan noma na jihohi irin su Iowa da Nebraska da Kansas sun riga manyan biranen masana'antu a wannan tsere, domin mutanen da suka san juna sun fi saurin yarda su ɗora wa kansu haraji saboda 'ya'yan maƙwabta. Sakandare ta zama zuciyar gari, wurin wasan ƙwallo da taron jama'a. A gefe guda, dokar Morrill ta 1862 ta sa jihohi sun sami kwalejojin noma da fasaha masu rangwamen kuɗi. Sai ga giɓi ya bayyana a fili: yaro ya gama sakandare da sakamako mai kyau, kwaleji na nan a jiharsu, amma babu kuɗin jirgin ƙasa da masauki da abinci, kuma gona na jiransa. Wannan giɓin da kowa ke gani da idonsa a ranar yaye ɗalibai shi ne tallafin gari ya zo ya cike.

Babu misalin da ya fi fito da wannan kamar na Likita Bernard Daly. An haife shi a ƙasar Ailan a 1858, aka kawo shi Amurka yana ƙarami, ya karanci likitanci a Louisville, sannan a 1887 ya sauka a Lakeview, wani ƙaramin gari na makiyaya a busasshen yankin kudancin jihar Oregon. Sunansa ya fito ne bayan gobarar daren jajiberin Kirsimeti ta 1894 a Silver Lake, wadda ta kashe mutum 43, lokacin da ya yi tafiyar kimanin mil 100 cikin tsananin sanyi domin ya yi jinyar waɗanda suka ƙone. Bayan likitanci ya kafa banki, ya mallaki garken shanu da filaye, ya yi ɗan majalisar jiha, ya yi alƙalin gunduma. Bai taɓa aure ba. Da ya rasu a watan Janairun 1920, aka tarar ya bar mafi yawan dukiyarsa, wadda ta kusa dala miliyan 1, domin samari da 'yan matan gundumar Lake su yi karatu a kwalejoji da jami'o'in gwamnatin Oregon. An fara ba da tallafin a 1922, kuma cikin shekara ɗari fiye da ɗalibai 2,000 sun amfana, a gundumar da mazaunanta duka kimanin dubu takwas ne.

Abin da ya sa asusun Daly ya kai ƙarni guda yana cikin yadda ya tsara shi. Wasu danginsa sun kai ƙara suna neman a rushe wasiyyar, kotu ta tabbatar da ita. Kula da asusun ya danƙa shi ga kwamitin amintattu da ya haɗa daraktocin bankin garin da shugabannin manyan makarantun jiha biyu, wato mutanen da suka san juya kuɗi da mutanen da suka san auna ɗalibi, kuma waɗannan na biyun ba su da ɗa ko ƙane a cikin masu nema. Zaɓe ya dogara ga ƙoƙarin yaro a aji da sakamakon jarrabawa. Ba a taɓa uwar kuɗi, riba kawai ake rabawa, tamkar saniyar tatsa da ake shan nononta ba a kai ta mahauta. Tasirin ya wuce waɗanda suka samu, domin yaron da ya taso yana jin cewa duk wanda ya dage a garinsu akwai kuɗin jami'arsa a ajiye, tunaninsa da na iyayensa game da makaranta yakan sauya tun yana firamare. Wasu masu hali na yankin kuma suka bi sahu suka kafa nasu asusun, irin su na Collins da McDonald, masu sana'ar katako.

Amma Daly attajiri ne mai banki a hannu. Malamar makaranta da ta tara dala 25,000 a tsawon rayuwarta ba za ta iya kafa kwamiti da ofis ba. Wanda ya buɗe wa irinta ƙofa shi ne Frederick Goff, lauya kuma shugaban wani banki a Cleveland. Aikinsa ya sa ya ga wasiyyoyi da yawa da zamani ya wuce sharuɗɗansu, kuɗi na kwance ba mai iya taɓawa. A 1914 ya kafa gidauniyar al'umma ta farko, inda ake tara kyaututtukan mutane da yawa a juya su tare, kowane asusu yana riƙe da sunan mai shi, wani kwamiti na mutanen gari yana raba ribar, kuma yana da ikon sauya manufa idan ta farko ta daina amfani. Yau akwai irin waɗannan gidauniyoyi fiye da 700 a Amurka. Yawancinsu suna fitar da kashi 4 zuwa 5 cikin ɗari na asusu a shekara, don haka dala 25,000 takan haifar da kimanin 1,000 duk shekara ba tare da ta ƙare ba. Dokar haraji ta taimaka: tun 1917 ake rage wa mai ba da sadaka haraji. Ta kuma tsaurara: dokar 1969 ta wajabta wa gidauniyar iyali ta sami amincewar hukumar haraji kan yadda take zaɓen ɗalibai, dokar 2006 kuma ta hana mai bayarwa da danginsa su zama masu rinjaye a kwamitin zaɓe na asusun da suka ajiye a gidauniyar al'umma. Manufar a fili take, kada mutum ya biya wa jikansa makaranta ya kira abin sadaka.

Yaƙe-yaƙe ne suka mai da tallafin karatu hanyar makoki. Amurka ta rasa sojoji kimanin 116,000 a Yaƙin Duniya na Ɗaya, sama da 400,000 a na Biyu, kimanin 58,000 a Vietnam, kuma babu ƙaramin garin da bai karɓi gawa ko takardar rasuwa ba. Bayan yaƙin farko aka fara muhawara, wadda ta yi ƙarfi lokacin na biyu, cewa mutum-mutumin soja a dandali ya isa haka, gara a yi abin tunawa mai rai: ɗakin karatu, filin wasa, asibiti, ko tallafin karatu. Iyayen da ɗansu ya mutu yana da shekara 19 sun sami wata irin sanyaya zuciya idan suka ga wani yaro ya tafi jami'ar da nasu bai kai ba. Dokar 1944 ta tallafa wa tsofaffin sojoji ta tura kimanin mutum miliyan 2.2 kwalejoji, wanda ya sa gidajen manoma da leburori suka fara kallon jami'a a matsayin abin da ɗansu ma zai iya. Ƙungiyoyin gari irin su Rotary, wadda aka kafa a 1905, da Lions ta 1917, da ƙungiyar tsofaffin sojoji ta American Legion ta 1919, suka ɗauki aikin tara kuɗi da zaɓen yara. Sannan wata ɗabi'a ta yaɗu a sanarwar rasuwa, inda iyali ke roƙon masu ta'aziyya su bar sayen furanni su sa kuɗin a asusun karatu da sunan mamaci. Ta haka kuɗin gaisuwar mutuwa ya zama jarin makaranta.

Mataki na gaba shi ne fitar da al'adar daga hannun masu hali kaɗai. A Fall River, garin masaƙu da arzikinsa ya karye a jihar Massachusetts, wani likitan gwajin ido, Irving Fradkin, ya tsaya takarar kwamitin ilimi ya faɗi, sai a 1958 ya roƙi kowane ɗan gari ya ba da dala 1. Aka tara kimanin dala 4,500, aka tallafa wa ɗalibai 24. Shirin, mai suna Dollars for Scholars, ya bazu zuwa ɗaruruwan garuruwa, kuma rassansa sun zama wani gida da iyalai ke ajiye asusun tunawa. Mutanen da ba wanda ya zaci suna da ajiya su ma suka shigo. Oseola McCarty, wadda ta bar makaranta a aji shida ta shafe rayuwarta tana wanki da guga a Hattiesburg ta jihar Mississippi, ta ba jami'ar garinsu dala 150,000 a 1995 domin ɗalibai mabuƙata. Dale Schroeder, kafinta a jihar Iowa wanda ya yi shekara 67 a kamfani ɗaya bai yi aure ba, ya rasu a 2005 ya bar kusan dala miliyan 3, kuɗin da suka kai yara 33 na ƙananan garuruwan jihar jami'a. Dukansu biyu abin da aka hana su ne suka saya wa 'ya'yan wasu.

Akwai masu suka, kuma sukarsu na da nauyi. Ta farko ita ce kuɗin sun yi kaɗan. Kuɗin karatu kawai a jami'ar gwamnati ga ɗan jiha ya haura dala 11,000 a shekara, ban da masauki da abinci, kuma bashin karatu da ke kan Amurkawa ya haura dala tiriliyan 1.7. Tallafin Pell na gwamnatin tarayya, wanda aka fara da dokar 1972, a tsakiyar shekarun 1970 yana ɗauke fiye da kashi uku bisa huɗu na kuɗin jami'ar gwamnati, yanzu bai kai kashi ɗaya bisa uku ba. Me dala 1,000 za ta yi a nan? Ƙari a kan haka, wasu jami'o'i sukan zaftare nasu tallafin daidai da abin da yaro ya samo daga gida, har sai da jihar Maryland ta taƙaita wannan a jami'o'inta da doka a 2017. Gaskiya ne tallafin gari ba zai maye gurbin gwamnati ba, kuma duk wanda ya ce zai iya yana yaudarar kansa. Sai dai abin da ke fitar da ɗan talaka daga jami'a sau da yawa ƙaramin giɓi ne, kuɗin littattafai ko na haya na wata guda, kuma yaro ɗaya yakan haɗa tallafi uku ko huɗu a dare guda. Inda kuɗin suka yi yawa kuwa, shaida ta nuna suna aiki. Bayan wasu masu bayarwa da suka ɓoye sunansu sun yi alkawarin biya wa yaran makarantun gwamnatin Kalamazoo kuɗin jami'a a 2005, binciken cibiyar Upjohn ya nuna masu kammala karatun gaba da sakandare sun ƙaru daga kimanin kashi 36 cikin ɗari zuwa sama da 45.

Suka ta biyu ta fi ciwo: gari yana biyan kuɗin tafiyar 'ya'yansa ne da hannunsa. Masana zamantakewa Patrick Carr da Maria Kefalas, waɗanda suka zauna a wani ƙaramin garin Iowa suka fitar da littafin Hollowing Out the Middle a 2009, sun nuna yadda malamai da manyan gari ke zuba duk kulawarsu kan haziƙan da za su tafi birni ba su dawo ba, suna barin waɗanda za su zauna su riƙe garin ba tare da wani tanadi ba. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, kuma garuruwan noma da yawa sun ga haka: makaranta ta rufe, asibiti ya rasa likita. Amma ba tallafin karatu ne ya kori matasa ba. Injinan noma da haɗewar gonaki a hannun 'yan kaɗan ne suka cinye ayyukan yi, kuma garin da ya hana ɗansa ilimi don kada ya tafi bai tsira ba, ya dai ƙara wa kansa talauci. Abin da sukar ta haifar shi ne gyara. Asusu da yawa yanzu suna tallafa wa masu koyon walda da aikin lantarki da jinya da malanta, da manyan da suka koma makaranta, wasu kuma suna taimaka wa wanda ya dawo gida aiki ya biya bashinsa. A Nebraska, gidauniyar al'umma ta jihar ta lissafa dukiyar da za ta sauya hannu idan tsofaffin manoma suka rasu alhali magadansu na zaune a birane, ta shiga kiran mutane su bar wa garinsu kashi 5 cikin ɗari a wasiyya. Ta wannan fuska, asusun tunawa na daga cikin hanyoyi ƙalilan da ke tsare arzikin ƙauye a ƙauye.

Suka ta uku ita ce mamaci na mulkin masu rai daga kabari. Girard, wanda kotu ta kare wasiyyarsa, ya sharɗanta cewa marayu maza farar fata kaɗai za a ɗauka, kuma sai a 1968, bayan zanga-zanga da doguwar shari'a, baƙaƙen yara suka shiga makarantarsa. A Philomath ta jihar Oregon, attajirin katako Rex Clemens da matarsa Ethel sun shafe shekaru gidauniyarsu na biya wa duk wanda ya gama sakandaren garin kuɗin jami'a. Bayan rasuwarsu, a farkon shekarun 2000, dangin da ke riƙe da gidauniyar suka saɓa da hukumar makaranta kan tarbiyya da alƙiblar karatu, suka sauya sharuɗɗa, gari ya rabu biyu, har aka yi fim a kan rikicin a 2006. Irin wannan ne Julius Rosenwald, shugaban kamfanin Sears wanda ya taimaka aka gina makarantu kusan 5,000 domin baƙaƙen yara a kudancin Amurka, ya hango tun 1929 lokacin da ya yi rubutu yana sukar asusun har abada, ya kuma umarci a kashe nasa kakaf, aka rufe shi a 1948. Hujjarsa mai ƙarfi ce, amma idan aka dubi misalan da kyau, cutar ba ta ɗorewa ba ce. A Philadelphia sharaɗin zalunci ne aka rubuta ba tare da ƙofar gyara ba, a Philomath kuma ikon ya zauna a hannun iyali ɗaya. Asusun Daly ya girmi na Clemens da shekaru kusan arba'in, kuma bai faɗa irin wannan rami ba. Bambancin yana ga wanda aka ba mabuɗi.

Saura masu cewa sanya suna a kan kyauta neman yabo ne, kuma gari mai attajirai zai tara asusu da yawa alhali gari matalauci ba shi da ko ɗaya. Batu na biyun gaskiya ne tsantsa, kuma shi ne babban dalilin da ya sa haƙƙin ilimi dole ya zauna a wuyan gwamnati, sadaka ta zama ƙari. Batun suna kuwa ya kamata a yi masa adalci. Yawancin waɗannan asusu ba mai sunan ne ya kafa su ba, waɗanda ya bari ne cikin baƙin ciki. Sunan kuma yana aiki: shi ke sa dangi da abokai su ci gaba da ƙara kuɗi shekara bayan shekara, shi ke sa gari ya lura idan an daina bayarwa ya tambayi dalili, shi ke sanar da yaro cewa wannan kuɗi gumin wani mutum ne da ya taka titin da yake takawa. Tallafin da ya fito daga ofishin da ba a san fuskar kowa ba ana karɓarsa a matsayin rabo. Wanda ya fito daga hannun gwauruwar maƙwabci yana zuwa da nauyi, kuma wannan nauyin ne ke sa wasu da suka ci moriya su dawo bayan shekaru su kafa nasu.

Mu a ƙasar Hausa ba baƙin wannan tunani ba ne. Mun san sadaka mai gudana, mun san ladar ilimin da ake amfana da shi bayan mutuwa, kuma jihohi irin su Sakkwato da Zamfara suna da hukumomin zakka da wakafi. Masu biya wa 'ya'yan talakawa kuɗin makaranta ma ba su yi mana kaɗan ba. Inda muke da rauni shi ne alherin yakan rataya ga numfashin mai shi: ran da ya rasu aka raba gado, ɗaliban da yake riƙe da su sai su watse. Tarihin ƙananan garuruwan Amurka ya nuna cewa maganin wannan ba ya buƙatar hamshaƙin attajiri. Yana buƙatar a keɓe dukiyar a rubuce tun mai ita na da rai, ko cikin sulusin da shari'a ta ba shi ikon yin wasiyya da shi. A sa ta a abin da ke haihuwa, kamar shago ko gona ko gidan haya, tunda hauhawar farashi na cinye kuɗin da aka ajiye. A damƙa zaɓen yara ga kwamitin da dangi ba su da rinjaye a cikinsa. A bar wa amintattu ikon gyara sharaɗi idan zamani ya sauya. A kuma karanta lissafi a bainar jama'a kowace shekara. Duk iyalin da ya cika waɗannan sharuɗɗa biyar zai iya mai da rasuwar mahaifinsa ta zama dalilin karatun yaran unguwarsu har jikoki da tattaɓa kunne, kuma fiƙihun da zai yi hakan da shi yana hannunmu tun ƙarnoni da suka wuce.